Lissafin Kuɗin Yaƙi a Wasan Civilization VI

'Yan'uwa ɗalibai masu buga Civilization VI, wasan kwamfutar da ya fito a 2016, ku leƙa baitulmali kafin ku ɗaura yaƙi. Soja na cin albashi duk zagaye: maharbi zinare 1, mai takobi 2. Masu takobi goma zinare 20 ke nan, ko da zaune suke.

Da an shelanta yaƙi, cinikinku da ƙasar ya yanke, ga abokan gaba na tare fatake a hanya. In asusu ya ƙare, sojoji su fara watsewa, abin takaici a tsakiyar kewaye birni.

Ku fara gina kasuwa tukuna, ku karkata ayari zuwa ƙasashen da ba ruwansu da rikicin, sannan ku ɗauki dokar Conscription, mai rage zinare 1 kan kowane soja.