Kada a raina ciwon maƙogwaron yaro

Iyaye, idan yaro ya ce maƙogwaronsa na ciwo, yawancinmu ruwan ɗumi da zuma muke ba shi, wasu ma su kira wanzami ya yanke beli. Sau da yawa mura ce, za ta wuce da kanta. Amma akwai wanda ƙwayar cuta mai suna Streptococcus ke kawowa. Ƴan mulmulallun halittu ne da ke jeruwa kamar carbi idan aka duba su da madubin likita, kuma sun fi kama yara masu shekara 5 zuwa 15.

Haɗarin yana zuwa ne daga baya. Bayan mako 2 zuwa 3, garkuwar jikin yaron na iya juyawa ta far wa gaɓoɓinsa da zuciyarsa. Yau gwiwa ta kumbura, gobe gwiwar hannu. Idan abin ya yi ta maimaituwa, ƙofofin zuciya su lalace, sai a ga matashi yana haki, ƙafafunsa a kumbure.

Don haka ku lura. Zazzaɓi, wahalar haɗiya, farin ruɓa a maƙogwaro da kaluluwa a wuya, ba tari ba majina? A kai shi asibiti, a bar wanzami da askarsa.

In likita ya rubuta penisilin ko amoksisilin, a sha har kwana 10 cif, ko da yaron ya warware tun a rana ta uku. Kada a ajiye ragowa don ƙaninsa. In kuwa gaɓoɓi sun fara ciwo bayan haka, a koma wurin likita a ranar.