Shirun Tamar: Me Ya Sa Suke Magana Bayan Shekaru?

Karatu: 2 Sama'ila 13:1-29, Matiyu 18:5-6

Gabatarwa

Jimmy Savile shahararren mai gabatar da shirye-shirye ne a talabijin na BBC a Ingila. Yara sun so shi, ya tara wa asibitoci kuɗi masu yawa, har Sarauniya ta karrama shi a 1990. Ya mutu a Oktoba 2011 ana ta yabonsa. A Oktoba 2012 tashar ITV ta nuna shirin da waɗansu mata suka bayyana cewa ya yi lalata da su tun suna ƙanana. Rahoton da 'yan sandan Landan da ƙungiyar kare yara ta NSPCC suka fitar a Janairu 2013 ya ce mutum 450 ne suka kawo kuka a kansa, aka kuma rubuta laifuffuka 214 tsakanin 1955 da 2009. Yawancin waɗanda abin ya shafa yara ne a lokacin. Mutane da dama sun yi tambaya: me ya hana su magana tun yana da rai?

Abin da ke kawo shiru

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye irin wannan ba. Da Amnon ya ci mutuncin Tamar, ta fito tana kuka a fili. Wanta Absalom ya ce ta yi shiru. Sarki Dawuda ya husata, amma bai hukunta ɗansa ba. Tamar ta zauna cikin kaɗaici, bayan shekara 2 kuma jini ya zuba a gidan.

Haka ya faru a Ingila. Waɗansu sun faɗa tun da wuri, ba a gaskata su ba. 'Yan sanda sun yi wa Savile tambayoyi a 2009, amma ba a kai shi kotu ba. Yaron da ya ga manya suna girmama wanda ya cuce shi yakan ɗauka laifin nasa ne, ko kuwa shi kaɗai ne. Saboda haka jinkiri ba shaidar ƙarya ba ce.

Dalilin fitowa fili

Da mata kaɗan suka buɗe baki, ɗaruruwa suka sami ƙarfin hali. Masu magana sukan so a gaskata su, a mai da kunyar kan mai ita, a kuma tsare yaran da ke tasowa. Muryarsu ce ta sa BBC da asibitoci suka binciki sakacinsu.

Darasi ga iyali

Suna mai kyau da yawan kyauta ba su wanke mutum, ko da shugaba ne a ikkilisiya. Yesu ya yi kashedi mai tsanani ga duk wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe. Idan yaro ya kawo kuka, sai iyaye su saurara ba tare da tsawa ba, su nesanta shi da wanda ake zargi, su kai shi asibiti, su sanar da hukuma. Bincike na gaskiya yana kare yaro, yana kuma kare wanda aka zarga bisa kuskure. Rufa asirin gida ba ya warkar da kowa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya kamata Dawuda ya yi wa Tamar?
2. Wa yaran gidan nan za su iya faɗa wa damuwarsu ba tare da tsoro ba?

Addu'a: A roƙi Ubangiji ya warkar da waɗanda aka raunana, ya ba iyaye kunnen ji.