Darasi: Ceto Aikin da Aka Danne a Kwamfuta

Ɗalibi, ka ɗauka malaminku ya ba ka aikin gabatar da tarihin unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ta kuma shahara da cinikin goro da shanu. Ka yi mako biyu kana hira da dattawa, ka tsara bayanan da hotuna a manhajar PowerPoint. Ana gobe za ka gabatar, sai ka ajiye wani fayil da sunan na farko. Sabon ya danne tsohon.

Dannewa daban take da gogewa. Fayil ɗin da aka goge yakan tafi kwandon sharar kwamfuta, amma wanda aka danne ba ya zuwa can. Duk da haka, kwamfuta takan bar kwafi na wucin gadi yayin da ake aiki, domin PowerPoint yakan adana kwafin ceto duk bayan minti 10.

Da farko ka natsu, gaggawa aikin shaiɗan ce. Kada ka rufe manhajar, kada kuma ka sake ajiye komai, domin rufewa takan share waɗannan kwafin. Idan a cikin aikin ka yi kuskuren, kuma yana buɗe, danna Ctrl da Z har ya koma yadda yake.

Idan hakan bai yi ba, shiga File, sannan Info, ka duba tsofaffin kwafin da ke wurin. In babu, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %temp%. Jera fayilolin bisa kwanan wata, ka nemi wanda sunansa ya ƙare da .tmp, lokacinsa kuma ya dace da na aikinka. Kwafe shi zuwa wani wuri, ka mayar da ƙarshen sunan .pptx, sannan ka buɗe. Wanda yake ajiya a OneDrive kuwa, zai iya komawa ga tsohon kwafi kai tsaye.

Ba kullum ake dacewa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce rigakafi ya fi magani: ka riƙa sa kwanan wata a sunan kowane kwafi, ka kuma ajiye ɗaya a filashi.

Sababbin kalmomi
danne: hau kan abu a rufe shi
wucin gadi: abin da ba na dindindin ba
ceto: kuɓutar da abu daga halaka

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin dannewa da gogewa?
2. Don me bai kamata a rufe manhajar ba?
3. Mayar da umarni uku na darasin zuwa ga mace, kamar haka: ka natsu, ki natsu.