Yadda Ake Zama Lafiya da Intanet na DSL da Wayar VoIP a Birtaniya

Wanda ya yi wayo a Najeriya bayan shigowar GSM a 2001, da wuya ya taɓa ganin intanet yana shigowa ɗaki ta layin tarho, domin layukan NITEL sun riga sun sukurkuce kafin abin ya kai gidajen jama'a. Sai karatu ko aiki ya kai mutum Leeds ko Birmingham, ya kama haya, ya tarar da wani farin soket a bango, a ce masa ta nan intanet zai zo. Wannan shi ne DSL: tsohuwar wayar jan ƙarfe ta tarho ce aka ɗora wa bayanai, murya tana bin ƙasa da kilohaz 4, bayanai suna bin sama da haka. Yanzu kuma muryar ma ana kwashe ta daga can. Kamfanin Openreach, mai kula da mafi yawan layukan ƙasar, ya daina sayar da sabon layin tarho na gargajiya tun Satumbar 2023, an kuma sa ƙarshen Janairun 2027 don rufe tsohon tsarin gaba ɗaya. Wayar gida ta koma VoIP ke nan, wato kira ta cikin intanet.

Na daɗe da irin wannan layi, kuma abin da na lura shi ne yawancin ciwon kan da yake jawowa daga cikin gida yake, ba daga waje ba. Wanda ya san layinsa ba ya shan wahalar kamfani.

Mataki na 1: San irin layinka

ADSL2+ yana tasowa ne tun daga cibiyar tarho ta unguwa har gidanka a kan jan ƙarfe. Ƙarshen gudunsa megabit 24 wajen saukewa, wajen turawa kuwa kusan 1 kacal, kuma 24 ɗin ma sai maƙwabcin cibiyar. Idan tazara ta kai kilomita 5, da kyar ake samun abin kirki. VDSL kuwa faiba ce take zuwa koren akwatin nan na bakin titi, daga nan jan ƙarfe ya ƙarasa, ana iya samun har 80 da 20. Kamfanoni sun daɗe suna tallata wannan na biyun da sunan faiba, kada hakan ya ruɗe ka. Muddin wayar rauta, wato akwatin da ke raba intanet a gida, a soket ɗin tarho take shiga, DSL kake da shi.

Mataki na 2: Rubuta lambobinka tun ana lafiya

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, alhali ya fi sauran amfani. Juya rautar, za ka ga adireshin shiga da kalmar sirri a jikinta. Shiga ta kwamfuta, ka nemi shafin bayanan layi. Abu huɗu za ka kwafa: gudun da rauta ta ƙulla da shi, raunin da sigina ta yi a hanya, lambar SNR, da kurakuran CRC, wato yawan bayanan da suka lalace a hanya.

Raunin sigina da dB ake auna shi, kuma tsawon waya ne ke jawo shi, don haka bai kamata ya riƙa canzawa ba. Ƙasa da 20 madalla, 40 ba laifi, idan ya doshi 60 to kana can ƙarshen layi. Idan bara 32 ne, bana ya koma 41 kuma gidan bai matsa ba, akwai haɗin waya da ya yi tsatsa ko ya sha ruwa. SNR kuwa ratar da ke tsakanin sigina da hayaniyar lantarki ce, galibi ana saita ta wajen 6. Duba ta da rana, ka sake dubawa bayan isha'i, domin da dare hayaniya ta fi yawa. Ka rubuta su da kwanan wata a ɗan littafi, ka riƙa sabuntawa lokaci lokaci. Ranar da abu ya lalace, mai amsa waya a kamfani zai ce maka kashe ka kunna. Idan ka karanto masa lambobin watan jiya da na yau, magana ta canza.

Mataki na 3: Bar rauta a kunne

Mu da muka saba kashe komai kafin kwanciya, wannan yana mana wuya. Amma akwai na'ura a ɓangaren kamfani da ke lura da layi. Idan ta ga yana yawan katsewa, sai ta ɗauka ba shi da lafiya, ta rage gudu don ya zauna daram. Rage gudun nan take ne, mayar da shi kuwa sai an yi kwanaki. A kwana goma na farkon sabon layi ma kada ka taɓa ta sam. Ga shi kuma yanzu idan ka kashe rauta ka kashe wayar gida.

Mataki na 4: Idan ya fara katsewa, raba laifin gida da na waje

Nemi babban soket, wanda layin waje ya fara shiga. Murfin gabansa yana cirewa, wani da sukurori biyu, wani da matsewa kawai. A bayansa akwai soket ɗin gwaji. Haɗa rauta a nan da sabuwar filta, wato ɗan abin da ke raba murya da bayanai, ka bar ta kwana ɗaya ko biyu. Yin haka ya yanke duk wayoyin cikin gida daga lissafi. Idan layi ya gyaru, laifin naka ne ko na mai gida: doguwar wayar ƙari da aka bi da ita ƙarƙashin kafet, ko filta da ta tsufa, ko soket ɗin ɗakin sama. Idan bai gyaru ba, na waje ne. Yi wannan gwajin kafin ka yarda a turo injiniya, saboda idan ya zo ya tarar matsalar a cikin gida take, ana iya caje ka kuɗin zuwansa.

Sai kuma katsewar da take da lokaci. A ƙauyen Aberhosan da ke Wales, mutane sun yi wata 18 intanet ɗinsu yana ɗaukewa kullum da ƙarfe 7 na safe. An sauya wayoyi, abin bai daina ba. A 2020 injiniyoyi suka bi gari da na'urar auna sigina, suka gano wata tsohuwar talabijin ce da wani ke kunnawa a daidai wannan lokaci. Kai ma kana iya irin wannan farauta da ƙaramar rediyo mai batir. Sa ta a AM wajen kilohaz 612, inda babu tasha, ka zaga gida. Kusa da cajar da ta lalace, ko fitilun ado masu ƙyaftawa, ko tsohon akwatin talabijin, za ka ji ƙarar ta tashi. Cire abin daga wuta, ka duba ko SNR ta ɗaga.

Mataki na 5: Gyara muryar

Wayar tebur yanzu a bayan rauta ake soka ta. A rautar kamfanin BT ramin kore ne. Idan lambarka a wani kamfanin VoIP daban take, za ka buƙaci ɗan akwatin da ake kira ATA tsakanin rauta da wayar. Ka kuma saba da danna lambar gari ko da maƙwabci za ka kira.

Kira ɗaya bai wuce kilobit 100 ba a kowane ɓangare, don haka ba yawan gudu yake nema ba, hanya a buɗe yake so. Hanyar turawa ta ADSL kamar ƙofar zaure ce, idan mai kaya ya tsaya a ciki ba mai wucewa. Yaro ya shigo gida, wayarsa ta kama tura hotuna da bidiyo can ma'ajiya, kai kuma kana gaisawa da Hajiya a Kano, kana jin ta raɗau, ita tana ta cewa “Ba na jin ka, muryarka na yankewa.” Idan haka ta faru, kada ka ɗora wa layin Najeriya laifi. Shiga saitin rauta ka nemi QoS, ka ba wayar fifiko. Idan babu, saita wayoyin gidan su riƙa turawa da tsakar dare. Idan kuwa kira yana shiga amma ɓangare ɗaya ne ke ji, ko wayar ba ta ƙara idan an kira, nemi SIP ALG a saitin rauta ka kashe shi. An yi shi don taimako, amma ɓarnarsa ta fi yawa. Amsa-kuwwa kuma sau da yawa rage ƙarar lasifikar wayar kawai ke maganinta.

Mataki na 6: Yi tanadin ɗaukewar wuta

Tsohon layi daga cibiyar tarho yake samun wutarsa, shi ya sa ko an ɗauke wuta yana aiki. VoIP ba haka ba ne, wuta na tafiya ya mutu, har da kiran gaggawa na 999. A nan mu ne ya kamata mu koya wa Turawa darasi, amma abin mamaki da yawanmu muna isa can sai mu manta, har sai guguwar hunturu ta kayar da turaku. Sayi ƙaramin UPS ka haɗa rauta da gindin wayar a kai, ka riƙa gwada shi ta hanyar zare filogi, domin batirinsa yana mutuwa shiru bayan 'yan shekaru. Hukumar sadarwa ta Ofcom ta wajabta wa kamfanoni su samar wa wanda ya dogara da wayar gida hanyar kiran gaggawa ta aƙalla awa ɗaya idan babu wuta, kuma kyauta. Idan akwai dattijo a gidan, ko mai sanye da maɓallin kiran agaji, ko kuma wayar hannu ba ta samun sabis a unguwar, faɗa wa kamfani kafin a sauya layin. Tabbatar kuma adireshin da ke rajistar lambar shi ne inda kake zaune, don shi masu agaji za su gani.

Mataki na 7: Kuɗi da sauya kamfani

Yarjejeniya takan kasance ta wata 18 ko 24, tana ƙarewa farashi ya haura. Tun 2020 dole ne kamfani ya sanar da kai ƙarewarta tare da mafi sauƙin farashin da yake da shi, don haka kada ka share saƙon. Kira ka yi ciniki kamar yadda ka iya. Manyan kamfanoni da dama suna cikin tsarin biyan diyya idan layi ya mutu ba a gyara ba bayan cikakkun ranakun aiki biyu, amma lissafin yana farawa ne daga lokacin da ka kai ƙara, saboda haka kai ta da wuri, ka karɓi lambar ƙorafi.

Idan faiba ta gaske ta iso layinku, karɓe ta, babu dalilin riƙe jan ƙarfe. Sai dai ka kula da lambar wayarka, wadda 'yan uwa da asibiti da makarantar yara suka sani. Kada ka soke tsohon layi da kanka. Sabon kamfanin za ka ce wa ya ɗauko lambar, ka samu tabbacin ranar a rubuce, ka jira har ka kira ta da wayar hannu ka ji ta yi ƙara a sabon wuri.