Addu'ar Iyali: A Taƙaita, A Dage, A Bar Habaici

Duk watan Janairu, bayan sujadar shiga sabuwar shekara, gidajen Kirista da yawa kan ɗaura ɗamarar tayar da bagadin iyali, wato zaman addu'ar iyali. Kafin Ista ta zo, an koma gidan jiya. In ka tambaya, a ce aikin Shaiɗan ne. Ban musa ba, amma sau tari mu ne muke sauƙaƙa masa aikin: mu tsawaita, mu sa lokacin da ba zai yiwu ba, mu mai da wurin addu'a kotu.

A fara da lokaci. Kada ka kwaikwayi na gidan fasto, dubi naka gidan. Manomi da damina yana gona tun sanyin safiya. Wanda ke zaune a Mararaba yana aiki cikin Abuja, da duhu yake fita saboda cunkoson hanya. Irin waɗannan su mai da addu'ar dare, daidai an gama cin tuwo, kafin a kwashe kwanuka. Da zarar an watse, wannan ya ɗauki waya, wancan ya kunna ƙwallo, sake tara su sai da faɗa. Wanda kuma safiya ta fi masa, in yana maƙwabtaka da Musulmi, ba ya ma bukatar agogo, kiran sallar asuba ya ishe shi.

Minti goma sha biyar ya wadatar. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, karatu kamar aya goma, tambaya ɗaya ko biyu, sai addu'a. Na san akwai magidantan da za su ce wannan ai rowa ce ga Allah. To, su buɗe ido sau ɗaya a tsakiyar doguwar addu'arsu su duba: ƙaramin ya kifa goshi a kujera yana minshari, babbar tana ƙirga yatsu, uwargida kuwa hankalinta na kan wake da ta bari a wuta. Mai son kwana yana addu'a ya shiga ɗakinsa ya yi, Allah ya ƙara masa ƙarfi. Amma zaman da ake yi da yara, a auna shi da ƙarfin mafi ƙanƙanta a cikinsu.

Me za a karanta? Masu farawa daga Farawa da niyyar kaiwa Wahayin Yahaya yawanci a Littafin Firistoci suke maƙalewa. A soma da Markus, sura 16 ce kacal, labari na bin labari. Daga nan a ɗauki tarihin Yusufu, Farawa 37 zuwa 50, za ka ga yara da kansu suna tambayar ina aka tsaya jiya. Karin Magana sura 31 ce, ta yi daidai da wata guda, a riƙa tsintar 'yan ayoyi daga surar ranar. Luka kuma sura 24, in an fara ranar 1 ga Disamba a gama a jajibirin Kirsimeti. Littattafan bimbini irin su Abincin Yini suna da amfani, amma a buɗe nassin kansa a karanta, kada a tsaya ga sharhi kawai.

Gidajenmu da yawa harshe uku ake yi: Berom ne ko Tangale ko Bura tsakanin iyaye, Hausa a unguwa, Turanci a makaranta. A karanta da wanda yaran suka fi ji. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa yana hannunmu tun 1932, aikin da Likita Walter Miller ya yi wa hidima ta shekaru, kuma an sake fassara shi daga baya da Hausa mai sauƙi. In da tsohuwar da ba ta karatu, akwai manhajojin waya masu karanta shi da murya.

Yanzu ga abin da ya fi kashe addu'ar iyali. Maigida ya rufe ido ya ce, "Ya Ubangiji, ka taɓa zuciyar masu taurin kai a gidan nan, masu kwana da kwanuka ba wanki." Kowa ya san da wa ake. Yarinyar ta ce amin a baki, a zuci kuwa ta riga ta yanke cewa wannan zama wurin tonon silili ne. Uwargida ma takan yi nata, ta roƙi Allah ya tuna wa "waɗansu" nauyin cefane. Wannan gugar zana ce, ba addu'a ba. A Matiyu 18 Yesu ya nuna a fara samun mai laifi a keɓe, Bulus kuma a Afisawa 6 ya ja kunnen ubanni kada su tunzura 'ya'yansu. Faɗa yana da lokacinsa: a kira yaro gefe da rana, a yi masa. In kuwa miji da mata ne suka saɓa, su shirya kafin a zauna, ko da "ki yi haƙuri" da "ya wuce" ne kawai a bakin ƙofa. Yara suna karanta fuska tun kafin su iya karanta baƙi.

A raba aikin. Yau wannan ya ɗauki waƙa, gobe waccan ta karanta, ko da tana in'ina ana gyara mata a hankali. Tambayar ta zama mai sauƙi: me ya faru a nan, me ya ba ka mamaki? Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gidan da ake waƙar ƙauna a falo, 'yar riƙo ko 'yar aiki na tsakar gida tana wanke-wanke. A kira ta ta zauna, a ba ta ranarta ta karatu kamar kowa. Baƙon da ba Kirista ba kuwa, a gaya masa abin da za a yi, kada a tilasta masa.

A nemi ƙaramin littafin rubutu a riƙa sa bukatu: kuɗin makaranta, jarrabawar JAMB, kaka da ke kwance, maƙwabcin da aka yi wa rasuwa. Ƙarshen wata a buɗe a ga waɗanda Allah ya amsa, a yi godiya.

Inda maigida soja ne, ko direba, ko ya rasu, ko yana nan amma ba ruwansa, uwa ta ja ragama ba tare da gori ba. Timoti wurin mahaifiyarsa Afiniki da kakarsa Loyis ya gaji bangaskiya, mahaifinsa Bahelene ne. In an yi kwana uku ba a zauna ba saboda biki ko rashin lafiya, babu ramuwa, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Yau da dare, in an gama cin abinci, miƙa wa ƙaramin da ya iya karatu Littafi Mai Tsarki, ya buɗe Markus sura 1, ya karanta daga aya 1 zuwa 13.