Daga Kano Zuwa Maiduguri a Jirgin Sama: Darasin Lissafi da Labarin Ƙasa

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ga wani darasi da nake so mu gwada wa yaran aji shida. Yara da yawa sun haddace cewa in an raba nisa da gudu a sami lokaci, amma ba su san inda wannan ƙa'ida take aiki ba. Filayen jirgin sama biyu sun ishe mu misali, watau na Kano, garin da jiragen sama suka sauka a 1925 daga Masar, da na Maiduguri.

Da fari a ba yara taswirar Nijeriya da zare. Su miƙe zaren daga Kano zuwa Maiduguri, sa'an nan su aza shi bisa ma'aunin taswira. In santimita 1 tana madadin kilomita 50, za su sami wajen santimita 10, watau kimanin kilomita 500, ko mil 310. Kana su bi hanyar mota da zaren, ta Wudil da Potiskum da Damaturu. Wannan ta kusa kilomita 600, gama hanya tana ratsewa domin garuruwa da gadoji, jirgi kuwa ba ruwansa da su.

To, sai lissafi. Motar da ke gudun kilomita 75 a awa za ta ci awa 8. Jirgi mai farfela da ke gudun 250 zai ci awa 2. Babban jirgin zamani mai gudun 800 kuwa minti 38 ne kawai a kan allo. Amma wanda ya shiga shi zai ce maka ya yi wajen awa guda. Shin lissafi ya yi ƙarya ke nan? A'a. Jirgi yakan gangara a ƙasa tukuna, ya jira izini, ya hau sama sannu a hankali, ya kuma rage gudu tun da nisa kafin ya sauka. A gajeriyar tafiya irin wannan, waɗannan abubuwa su ne ke cin lokaci.

Saura iska, nan ne darasin ya fi daɗi. A ce iska mai gudun 50 tana busowa daga gabas. Jirgi mai farfelan nan in ya nufi Maiduguri gudunsa ya koma 200, tafiya ta zama awa 2 da rabi. In ya juyo Kano, iska tana tura shi, gudunsa 300, tafiya awa 1 da minti 40. Yara za su ce abin da aka rasa a zuwa an same shi a dawowa. Sai a sa su su tara. Za su sami awa 4 da minti 10, alhali da babu iska awa 4 ne cif. Dalili kuwa, jirgin ya fi daɗewa cikin iskar da ke hana shi bisa ga wadda ke taimakonsa.

A tuna musu kuma da hazon hunturu, wanda yakan hana matuƙi ganin fili, har a ɗage tafiya.

Kada malami ya gaya musu amsar minti goman nan. Ya bar su su yi gardama, su sake tarawa, har su gano da kansu. Abin da yaro ya tono da hannunsa ba ya mantawa da shi.