Yadda Ƙashin Wani Ke Zama na Wani

A shekarar 1881 wani likitan tiyata na birnin Gilasgo a ƙasar Sikotilan, mai suna William Macewen, ya ba da bayanin wani aiki da ya bai wa likitocin zamaninsa mamaki. An kawo masa wani yaro ƙarami wanda ciwo ya cinye masa ƙashin damtse, har iyayensa suka nemi a yanke hannun. Maimakon haka, sai ya tattara gutsattsarin ƙashi da ya ciro daga wasu yara masu lanƙwasassun ƙafafu yayin da yake miƙar da su, ya jera su a gurbin da ƙashin ya ɓace. Ƙashi ya haɗe, hannu ya tsira.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa jiki yake karɓar ƙashin wani, alhali yakan yaƙi ƙodar da aka dasa masa? Dalili kuwa shi ne, ƙoda sai da ranta take amfani, kuma ƙwayoyin halittarta masu rai su ne garkuwar jiki ke ɗauka a matsayin baƙi. Shi kuwa ƙashin da aka adana, ƙwayoyinsa sun riga sun mutu, saura gangar jikinsa kawai. Idan aka dasa shi, sai jijiyoyin jinin majiyyaci su kutsa cikin ƙofofinsa. Wasu ƙwayoyi su riƙa cinye tsohon ƙashi, wasu na biye suna shimfiɗa sabo, kamar maginin da ke sabunta katanga tubali bayan tubali ba tare da ya rushe ta ba. Aikin yakan ɗauki watanni ko shekaru, kuma babban gutsure ba ya sabuntuwa duka. Saboda haka ne mai dashen ƙashi ba ya bukatar magungunan danne garkuwar jiki.

Da yake ƙashi na jure ajiya, rundunar sojan ruwa ta Amurka ta buɗe ma'ajiyar sassan jiki a shekarar 1949, wadda ta zama abin koyi ga sauran ƙasashe. A yau ana samun ƙashi daga mamacin da ya yi wasiyya ko danginsa suka amince. Ana kuma samu daga mai rai: idan aka sanya wa mutum ƙugun ƙarfe, kan ƙashin cinyar da aka cire, wanda da zubarwa za a yi, yana iya ba da shi kyauta. Ana daskarar da shi a sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, ya yi shekara biyar bai lalace ba.

Sai dai sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta. A shekarar 1988 hukumomin lafiya na Amurka suka bayyana cewa wata mata ta kamu da ƙanjamau ta hanyar ƙashin da aka dasa mata a 1984, kafin a samu gwajin cutar. Shi ya sa yanzu ba a taɓa ƙashi sai an binciki tarihin mai bayarwa, an gwada jininsa don ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, sau da yawa kuma a haska ƙashin da hasken gama kafin ya isa ɗakin tiyata.